Waƙar Miserere ta Allegri a Bakin Ƙungiyoyi Uku: Nazarin Kwatance Kan Rerawa da Siririyar Murya

1.0 Gabatarwa

Waƙar da ake kira Miserere, wadda Gregorio Allegri ya tsara a birnin Rum cikin shekarun 1630, tana daga cikin waƙoƙin ibada na Kirista da suka fi shahara a ƙasashen Turai. Yawancin masu saurarenta a yau sun san ta ne saboda wani wuri guda, inda siririyar murya, wadda Turawa ke kira sofurano, takan yi tsalle ta cafki wani sauti mai tsananin tsawo, ta ɗan tsaya a kansa, sa'an nan ta gangaro a hankali. Sai dai binciken masana tarihin kiɗa ya tabbatar da cewa Allegri bai rubuta wannan tsalle ba. Ya shigo cikin waƙar ne shekaru fiye da 200 bayan rasuwarsa, ta hanyar kuskuren wani marubuci.

Manufar wannan maƙala ita ce kwatanta rerawa uku da aka ɗauka a faifai: ta ƙungiyar mawaƙan Kwalejin King's da ke Kambirij (1963), da ta ƙungiyar Tallis Scholars (1980), da ta mawaƙan ɗakin ibada na Sistin da ke fadar Fafaroma (2015). Za a auna su ne bisa ma'aunai huɗu, wato matanin da kowace ta bi, da irin muryar da ta ɗora wa nauyin sama, da fitar kalmomi, da kuma dacewar rerawa da jigo. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan duka ta shafi kowane mai nazarin waƙa a kowane harshe: idan daɗin murya da fitar ma'ana suka yi karo, wanne ya kamata mai rerawa ya fifita?

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Waƙar

Allegri ya shiga ƙungiyar mawaƙan Fafaroma a 1629, a zamanin Fafaroma Urban na Takwas, ya kuma rasu a 1652. Kalmomin waƙar ba nasa ba ne, Zabura ta 51 ce cikin harshen Latin, wadda bisa ga Littafi Mai Tsarki addu'ar tuba ce ta Dauda bayan da Natan ya tsawata masa. Jigonta ke nan: amsa laifi, da roƙon jinƙai, da neman a tsarkake zuciya. Akan rera ta a ɗakin ibada na Sistin cikin Mako Mai Tsarki, wato makon da ke gabatar Ista, a ƙarshen wata doguwar ibada da ake kashe kyandirori ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da za a kai ga Miserere duhu ya rufe ɗakin, Fafaroma da manyan limamai suna durƙushe. Wannan al'ada ta ɗore har zuwa 1870.

Zubin waƙar mai sauƙi ne. Akwai rukuni na farko mai muryoyi biyar, da rukuni na biyu mai muryoyi huɗu. Rukunin farko ya rera aya guda, a bi da aya guda cikin karatu mai rauji ɗaya irin na tsohuwar al'adar coci, sai rukuni na biyu ya karɓa, a sake bi da karatu. Haka ake ta karɓa-karɓa har ayar ƙarshe, inda muryoyin tara ke haɗuwa. Abin da Allegri ya bari a takarda ƙashin waƙa ne kawai. Tsokar kuwa mawaƙan Sistin ne ke ɗora ta da baka, ta hanyar adon murya da suke gado daga na gaba, ba tare da sun rubuta ba.

Charles Burney, wanda ya buga waƙar a Landan a 1771, ya ruwaito cewa Sarki Leopold na Ɗaya ya roƙi Fafaroma kwafinta, aka aika masa. Da mawaƙansa na Biyana suka rera, sai ya ji ta salam, har ya zaci an yaudare shi da wata waƙar daban. Amsar da ta zo daga Rum ita ce takardar gaskiya ce, abin da ba ya aikuwa shi ne yadda ake rera ta. Haka kuma sanannen labari ne cewa Mozart, yana ɗan shekara 14, ya saurari waƙar a watan Afrilu na 1770, ya koma masauki ya rubuta ta da ka, kamar yadda wasiƙar mahaifinsa ta nuna.

2.1 Yadda Ƙololuwar Ta Samo Asali

Turawa kan laƙaba wa matakan sauti sunayen haruffa daga A zuwa G, sa'an nan a sake zagayowa. A 1831 Felix Mendelssohn ya saurari waƙar a Sistin, ya rubuta wani yanki na adon da ya ji. A lokacin mawaƙan kan ɗaga waƙar gaba ɗayanta sama da inda take a rubuce, saboda haka yankin nasa ya fito da mataki huɗu sama da rubutun Allegri. A 1880, W. S. Rockstro ya rubuta bayani kan waƙar a ƙamusun kiɗa na Grove, sai ya ɗauko yankin Mendelssohn ya liƙa shi a tsakiyar ayar rukuni na biyu, ba tare da ya sauko da shi matakin sauran ayar ba. Sakamakon haka rabin aya yana ƙasa, rabi yana sama, kuma siririyar murya ta sami kanta tana tsalle daga G zuwa C na can sama. Wannan sauti shi ne za a riƙa kira ƙololuwa a wannan maƙala. Bugun Robert Haas na 1932 da na Ivor Atkins na 1951, wanda ya sa wa waƙar kalmomin Ingilishi, su suka yaɗa wannan siga.

Ya kamata a lura cewa tsawon sautin kansa ba baƙo ba ne a Sistin, tunda Mendelssohn ya ji shi da kunnensa. Baƙon abu shi ne ɗinkin, wato sauyin mataki ba zato a tsakiyar aya. A cikakkiyar sigar zamani ana hawa ƙololuwar sau biyar, sau ɗaya a kowace aya ta rukuni na biyu.

3.0 Ƙololuwa da Matsalar Wasali

Kafin a shiga kwatance, akwai buƙatar a bayyana abin da ke faruwa ga furuci idan murya ta kai wannan matsayi. Tsawon sauti ya danganta ne ga yawan karkarwar tantanin maƙwallato. A kan G da aka ambata tantanin kan yi karkarwa kusan sau 784 a daƙiƙa, a kan ƙololuwar kuwa kusan sau 1,047. Bambancin wasali da wasali kuma yana samuwa ne daga amon da kogon baki da maƙogwaro ke ƙarfafawa gwargwadon matsayin harshe da leɓɓa. Amon farko na wasulan /i/ da /u/ yana wajejen 300 zuwa 400, na /a/ kuwa a bakin mace yana wajejen 800 zuwa 900. Ke nan a kan ƙololuwar, sautin maƙwallato ya riga ya haye amon farko na dukkan wasulan.

Dabarar da mawaƙa ke yi ita ce su ƙara buɗe muƙamuƙi domin su ɗaga amon kogon baki ya riski sautin. Johan Sundberg ya bayyana wannan tun cikin shekarun 1970, kuma gwajin da Joliveau da Smith da Wolfe suka buga a mujallar Nature a 2004 ya ƙara tabbatar da shi. Ribar dabarar ita ce ƙarfin murya, hasararta kuwa ita ce wasula kan narke su koma kusan abu guda mai kama da /a/. Saboda haka duk mawaƙin da ya hau ƙololuwar Miserere, komai gwanintarsa, ya bar kalma a ƙasa. Abin da ke rage ɓarnar shi ne hawan yana faruwa a kan gaɓa guda da aka ja, wadda baƙinta ya riga ya fita tun murya tana ƙasa.

4.0 Kwatancen Rerawa Uku

4.1 Kwalejin King's, Kambirij (1963)

David Willcocks ne ya jagoranci wannan rerawa, a cikin faifan ibadar maraice ta Larabar Toka. An bi bugun Atkins, wato da Ingilishi, kuma yaro ɗan shekara 12 mai suna Roy Goodman ne ya ɗauki muryar sama. Ana ba da labarin cewa daga filin wasa ya taho, gwiwoyinsa da taɓo. Daga baya ya zama sanannen mai goge kuma jagoran makaɗa.

Babban abin yabo a nan shi ne sauƙin hawa. Muryar yaro ba ta da karkarwar da ake ji a muryar manyan mata masu waƙar dandamali, kuma Goodman yakan isa ƙololuwar ba tare da alamar yunƙuri ba, kamar mai ɗaukar abin da ke ajiye a gabansa. Doguwar amsa-kuwwa ta ɗakin ibadar kwalejin tana riƙe sautin bayan ya sauka, ta haɗa shi da abin da ke biye. Zaɓen Ingilishi kuma ya dace da manufar ibada, domin masu saurare na farko suna jin abin da ake roƙo.

Sai dai akwai abin dubawa ta fuska biyu. Na farko, gaɓoɓin Ingilishi da yawa rufaffu ne, masu ƙarewa da cunkoson baƙaƙe, alhali an gina raujin ne a kan buɗaɗɗun gaɓoɓin Latin masu jure ja. Amsa-kuwwar da ke ƙawata wasali ita ce kuma ke haɗiye waɗannan baƙaƙe na ƙarshe. Na biyu ya shafi jigo. Zaburar maganar babban mutum ce da laifi ya yi wa nauyi. Muryar yaro, mai nuna rashin laifi, takan juya ta zuwa wani abu daban: mai saurare yana jin tsarkin da ake roƙo kamar an riga an same shi. Wannan fassara ce mai kyau, amma ta rage zafin nadama.

4.2 Tallis Scholars (1980)

Peter Phillips ya kafa wannan ƙungiya a 1973, kuma an ɗauki faifan a ɗakin ibada na Kwalejin Merton da ke Okasfod. An koma ga Latin, an rera ayoyin duka cikin kimanin minti 12, sa'an nan aka ba mace, Alison Stamp, muryar sama. Ta rera da miƙaƙƙiyar murya marar karkarwa, har mai saurare na iya zaton yaro ne, amma da numfashi da daidaiton babba. Hawanta biyar kusan ba su da bambanci da juna wajen tsabta.

Hikimar wannan faifai tana cikin amfani da wuri. An ajiye rukuni na biyu can nesa da na farko, saboda haka muryoyin biyar suna kusa da kunne, kalmominsu na fita sarai, muryoyin huɗu kuwa suna zuwa daga nesa cikin amsa-kuwwa. Da wannan aka raba aiki: rukunin kusa da masu karatu su ɗauki ma'ana, rukunin nesa ya ɗauki ado. Tunda an san kalma za ta ɓace a kan ƙololuwa, sai aka mayar da ɓacewar wani ɓangare na tsari, ta zama kamar amsa daga wani wuri da mai tuba bai kai ba tukuna.

Rauninta shi ne maimaici. Ayoyi biyar na rukuni na biyu ba abu guda suke faɗa ba, akwai mai roƙon wanki daga laifi, akwai mai roƙon a halitta masa zuciya mai tsarki. Amma an rera su da ado iri ɗaya da nauyi iri ɗaya. Daga hawa na uku mai saurare yakan daina bin ayar, ya koma jiran ƙololuwa. Ga alama ƙungiyar da kanta ta lura da haka, domin a faifan da ta sake ɗauka a 2005 ta ba Deborah Roberts damar sassauya adon daga aya zuwa aya.

4.3 Mawaƙan Sistin (2015)

Wannan rerawa tana cikin faifan Cantate Domino na kamfanin Deutsche Grammophon, ƙarƙashin Massimo Palombella, wanda ke jagorancin ƙungiyar a lokacin. An ɗauke ta a cikin ɗakin Sistin kansa, da muryoyin maza manya da yara, bisa wani kundi na 1661 da ke taskar fadar. Babu ƙololuwa a cikinta.

Wanda ya saba da faifai biyun farko zai fara jin kamar an yi masa ƙwange. Amma da ya ci gaba da saurare sai ya tarar da abin da ƙololuwar ta daɗe tana rufewa. Tunda babu muryar da ta haye iyakar wasali, kalmomi na fita daga farkon aya zuwa ƙarshenta. Mawaƙan kan bi nauyin gaɓoɓin Latin, su kumbura murya a kan mai nauyi su sassauta a kan marar nauyi, har rerawar ta yi kusa da magana. Ƙananan karon sauti da Allegri ya dasa a ƙarshen jimloli, waɗanda ke sa kunne ya ji ɗaci kafin ya sami sauƙi, su ne suka zama wuraren tsayawar hankali. Ta fuskar jigo, wannan ita ce rerawar da ta fi kama da addu'ar mai laifi.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ɗauka cewa wannan ita ce waƙar da ta ja matafiya zuwa Rum shekara da shekaru. Labarin Sarki Leopold ya riga ya nuna cewa takarda tsura ba ita ce Miserere ba. Komawa ga kundi ya kawar da kuskuren Rockstro, amma bai maido da adon da mawaƙan da suka gabata suka riƙe a ka ba. Haka nan daidaiton muryoyin bai kai na ƙungiyoyin Ingila biyun ba.

4.4 Muryar da Babu Ita a Yau

Akwai gibin da babu ɗaya daga cikin ukun da zai iya cikewa. Waɗanda suka riƙa ɗaukar muryar sama a Sistin babanni ne, wato maza da aka dandaƙe tun suna yara domin kada muryarsu ta buɗe. Suna da maƙwallaton yaro da huhun babba. Wannan mummunar al'ada ta zo ƙarshe bayan umarnin Fafaroma Pius na Goma na 1903, wanda ya ce yara ne za su riƙa rera muryoyin sama. Alessandro Moreschi (1858–1922), ɗaya daga cikin na ƙarshensu, ya bar faifai na wasu waƙoƙi da aka ɗauka a 1902 da 1904. Abin da ake ji a ciki ya yi nisa da sanyin salon Ingila: yakan ɗauko sauti daga ƙasa ya jawo shi sama, da wata shessheƙa kamar ta mai kuka. Wannan ya nuna cewa miƙaƙƙiyar murya mai tsabta, wadda ake ɗauka a yau ita ce muryar waƙar ibada ta dā, ɗanɗano ne na ƙarni na 20.

5.0 Abin da Kwatancen Ya Nuna

Idan aka jera ukun bisa ma'aunan da aka gindaya, za a ga kowace ta sayi abu ta biya da wani. Ta 1963 ta fi sauran daɗin ƙololuwa, ta biya da nauyin jigo. Ta 1980 ta fi su tsari da daidaito, ta biya da bambancin ayoyi. Ta 2015 ta fi su fitar kalma da kusanci ga rubutun Allegri, ta biya da ado. A ma'aunin waƙar ibada, wadda asalin aikinta isar da roƙo ne, ta 2015 ce ke gaba. A ma'aunin fasahar rerawa kuwa ta 1980 ce, domin ita ce ta gane illar ƙololuwa ta kuma nemo mata gurbi. Wata hanya ta tsakiya ita ce wadda ƙungiyar The Sixteen ta Harry Christophers ta bi a 2013 bisa binciken Ben Byram-Wigfield, inda aka fara da siga marar ado, aka bi da adon ƙarnonin baya, aka ajiye ƙololuwa sai can ƙarshe. Jinkirin ya maido mata da ƙarfin da maimaici ya rage.

Ba za a ce a jefar da sigar Rockstro don asalinta kuskure ne ba. Waƙar da tun farko baka ce ke raya ta ba ta da siga guda da za a ce ita kaɗai ce halattacciya, kuma sigar ƙololuwa ta shafe fiye da shekara 60 a kunnen jama'a. Abin da ya wajaba shi ne a kira ta da sunanta, wato aikin hannu da yawa, kada a jingina ta ga Allegri shi kaɗai.

Akwai darasi biyu a nan ga masu nazarin harsunan Nijeriya. Na farko, rubutacciyar waƙar Hausa ma, irin su Imfiraji ta Aliyu Namangi, takarda na riƙe baitocinta ne kawai, raujinta kuwa yana bakin masu rerawa. Nazarin da ya tsaya ga matani ya faɗa cikin kuskuren mawaƙan Biyana. Na biyu, Latin ba ya bambanta kalmomi da karin sauti, amma Hausa tana yi, kamar a kuka na hawaye da kuka ta miya, tana kuma yi da tsawon wasali, kamar a gari na mazauna da gari na tuwo. Ke nan hasarar da siririyar murya da jan gaɓa ke jawowa za ta fi tsanani a Hausa da sauran harsuna masu karin sauti. Wannan abin lura ne ga ƙungiyoyin mawaƙan coci da ke ɗora kalmomin waɗannan harsuna a kan raujin da aka tsara wa harsunan Turai.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin Miserere daga rubutun Allegri zuwa ɗinkin 1880, ta bayyana dalilin da ke sa wasali ya ɓace a kan ƙololuwa, sa'an nan ta kwatanta rerawa uku. An ga cewa irin muryar da aka zaɓa, da harshen da aka rera da shi, da ginin da aka tsaya a ciki, duk suna sauya ma'anar waƙa ko da kalmomi ba su sauya ba. An kuma ga cewa wurin da ya fi jan hankalin masu saurare shi ne wurin da kalma ta fi rauni. Saboda haka hukuncin da za a yanke wa kowace rerawa ya rataya ne a kan yadda ta tafiyar da sauran ayar, kafin hawa da bayan sauka, domin a nan ne roƙon Zaburar yake.